Bob Kaufman, mawaƙin titin da wasu suka riƙa tsince masa waƙa a ƙasa

In ana maganar mawaƙan Amurkan nan da ake ce ma 'yan Beat, waɗanda suka yi tashe daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1960, sunaye uku ne suke fara zuwa bakin mutane, Allen Ginsberg da Jack Kerouac da William Burroughs. Su jaridu suka ɗauka, su aka yi ta ɗauka a hoto, kuma dukkansu farare ne. Amma mutumin da ya yi ainihin rayuwar da ake jingina wa wannan tafiyar, wato kwana duk inda dare ya yi maka, waƙa a bakin titi, aljihu wayam, 'yan sanda na biye da kai, wani baƙar fata ne ɗan New Orleans mai suna Bob Kaufman, an haife shi 18 ga Afrilu 1925, ya mutu 12 ga Janairu 1986 a San Faransisko. Labarinsa na da wuyar kamawa, ba wai don ba a ba da shi ba, an ma ba da shi har ya yi yawa, matsalar dai ita ce shi gogan bai damu ya adana waƙoƙinsa ba, ya yi wajen shekara goma ba ya magana, sannan ɗan abin da ya faɗa a kan asalinsa ma ya sha gishiri. Kusan duk abin da ake da shi na Kaufman yau ta hannun wani ya biyo, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

To da farko me ake nufi da mawaƙin titi a can? Don mu in aka ce waƙa gida biyu muke raba ta, ga ta baka da kalangu da 'yan amshi da ubangidan da ake wasawa, ga kuma rubutacciya wadda malami zai zauna ya auna kari ya daidaita ƙafiya. Kaufman bai faɗa ko ɗaya ba. Ba kiɗa, ba amshi, ba wanda yake yabo balle ya sa ran kyauta, abin da yake faɗa irin na cikin littafi ne, mai nauyi, wanda sai ka yi karatu za ka gane wasu wuraren, amma da ka yake zubo shi, a tsaye, a gaban mutanen da ba su gayyace shi ba kuma ba su biya ko sisi ba. Kuma ba shi ya fara ba. Tun 1912 wani Vachel Lindsay ya taka a ƙasa daga jihar Illinois har New Mexico yana miƙa wa manoma 'yar takardar waƙoƙinsa su ba shi abinci da wurin kwana, a zamanin Kaufman ɗin ma akwai abokinsa Jack Micheline ɗan Bronx wanda shi ma a titi ya yi rayuwarsa har ya mutu a cikin jirgin ƙasan San Faransisko a 1998. Bambancin dai su waɗannan farare ne, titi bai ci su irin cin da ya yi wa Kaufman ba.

Labarin asalinsa da aka daɗe ana bugawa a bayan littattafai yana da daɗin ji wallahi. Wai babansa Bayahude ne ɗan asalin Jamus, mamarsa 'yar Katolika ce daga tsibirin Martinique, kakarsa mai tsafin vudu, wai yana ɗan shekara 13 ya gudu ya shiga jirgin ruwa, ya yi shekara 20 a teku, ya zagaya duniya sau tara, jirgi ya nutse da shi sau huɗu yana tsira. Sai daga baya masu bincike suka je New Orleans suka zauna da 'yan uwansa, abin da ya fito kuwa ya sha bamban. Gida ne na baƙaƙe 'yan Katolika masu rufin asiri, 'ya'ya 13, uwar malamar makaranta ce da ta cika gida da littattafai ta kuma tsare yara su karanta, uban kuma ya yi aiki a jiragen ƙasan kwana na kamfanin Pullman, aikin hidima ga fasinja, wanda a lokacin yana cikin 'yan ayyuka masu mutunci da baƙar fata zai iya samu, su ne ma suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph. Tekun ma ya shiga da gaske, amma ba yana 13 ba, sai da ya doshi 18, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shekarun ba su kai 20 ba ko kusa.

Ku ɗan yi lissafi mana. 1925 a ƙara 13 a ƙara 20, ya kawo mu 1958, daidai shekarar da ya sauka ya zauna a San Faransisko. Wato tatsuniyar ta ɗinke rayuwarsa tsaf daga yarinta zuwa ranar da ya bayyana a matsayin mawaƙi, ba ta bar wata kafa da za a tambaye shi to ina ka shiga tsakanin nan da nan ba. Ni a ganina ba banza ba. Don abin da ke cikin wannan kafar siyasa ce, kuma siyasa mai haɗari a Amurkan wancan lokacin.

Kaufman ɗan ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ne, National Maritime Union, kuma ba irin mai biyan kuɗin wata ya koma gefe ba, mai magana ne a taro, mai haɗa kan mutane. Ƙungiyar tana cikin ƙalilan da baƙi da farare suke zama a benci ɗaya, sakatarenta ma baƙi ne ɗan Jamaika, Ferdinand Smith, kuma 'yan gurguzu na da ƙarfi a cikinta. Da yaƙi ya ƙare Amurka ta juyo kan Tarayyar Sobiyet sai aka shiga farautar duk wanda ake zargi da jan ra'ayi, shugabannin ƙungiyar da kansu suka shiga shara, aka kori Smith a 1948 daga baya ma ya bar ƙasar dole, daga 1950 kuma sai gwamnati ta tantance ma'aikacin jirgi kafin a ba shi takardar hawa, in sunanka ya shiga baƙin littafi shikenan, kai da teku sai dai kallo. A 1948 ɗin Kaufman ya yi wa Henry Wallace kamfen, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Progressive da aka yi ta shafa wa kashin kaji cewa yaron Mosko ne. To mutumin da ya fito daga irin wannan, ya ga abokansa sun rasa aiki, ya ga 'yan uwa na gwagwarmaya suna cin dunduniyar juna, in ya zo sabon gari ya ce shi ɗan teku ne kawai da jirgi ya nutse da shi sau huɗu, ai ba sai an tambaye shi dalili ba.

North Beach, inda ya sauka a San Faransisko, unguwar Italiyawa ce a lokacin, haya da araha, ga shagunan kofi ga mashaya, ga kantin littattafan City Lights da Lawrence Ferlinghetti ya buɗe da abokinsa a 1953. A 1957 aka gurfanar da Ferlinghetti a kotu kan buga doguwar waƙar Ginsberg mai suna Howl, wai batsa ce, alƙali ya wanke shi, daga nan unguwar ta yi suna a faɗin ƙasa, matasa suka yi ta kwararowa, 'yan yawon buɗe ido ma har da mota guda ake kawo su su kalli masu gemu da baƙaƙen kaya kamar an zo gidan zu. Cikin wannan hayaniyar Kaufman ya faɗo. Matattararsa wani shago ne a titin Grant da ake kira Co-Existence Bagel Shop. Waɗanda suka gan shi da idonsu kusan bakinsu ɗaya, ɗan siriri ne, ba shi da wani jiki, zai shigo ana hira sai kawai ya haye kan tebur ya fara, ko ya fita waje ya hau kan motar wani da aka ajiye, ko in go-sulo ya haɗu ya zura kai ta tagar mota ya zuba wa direba baiti, mutum na riƙe da sitiyari bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma kansa rumbu ne, ya haddace waƙoƙin manyan mawaƙa irin su T.S. Eliot da Federico García Lorca da wasunsu, zai ɗauko nasu ya saƙa da nasa ya wuce ba tare da ya ce maka ga inda na wancan ya tsaya ga inda nawa ya fara ba. A 1959 shi da Ginsberg da John Kelly da William Margolis suka fara mujallar Beatitude, ba wata mujalla mai sheƙi ba fa, irin wadda ake gurzawa da injin hannu a haɗa da sitefula a sayar a unguwa.

Sai 'yan sanda. A 1959 kaɗai ana lissafa masa kamu fiye da 30, har ta kai a shagunan unguwar ana ajiye gwangwani na musamman kowa ya jefa canjinsa don belin Bob, in an cika a je a fito da shi, kwana biyu a sake kwashe shi. Gaskiya shi ma ba kanwar lasa ba ne, yana sha, yana da tsokana, in ya ga ɗan sanda bakinsa ba ya shiru. Amma unguwar cike take da mashaya masu tsokana farare, ba wanda aka sa wa ƙahon zuƙa irinsa. Abu biyu ne suka haɗu. Na ɗaya dokokin hana yawon banza da tada hankalin jama'a na lokacin, an rubuta su ne sakaka ta yadda ɗan sanda zai iya kama duk wanda fuskarsa ba ta yi masa ba, sai a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin wannan dokar a wata shari'a da ta taso daga Jacksonville, ta ce ba ta fayyace laifin ba. Na biyu kuma, wanda ya fi, a 1958 ya auri Eileen, farar mace. A takarda Kalifoniya ta halasta irin wannan aure tun 1948, amma sai 1967 aka halasta shi a ƙasar baki ɗaya, kuma abin da ke takarda daban abin da ke zuciyar ɗan sandan da ke sintiri a titin Grant daban. Baƙi, ga baki, ga farar mata, ga taron jama'a suna tafa masa, kaga an haɗa masa duk abin da ake nema.

A irin wannan shiga da fita ya yi waƙoƙin kurkukunsa, gajeru ne masu lamba, sun haura 30, wasu layi ɗaya tal, a ƙasansu an sa cewa a sel na 3 na gidan yarin birnin San Faransisko aka rubuta su, 1959. In ka karanta ba ihu za ka ji ba, mutum ne a zaune yana kallon bango, yana sauraren wanda ke sel ɗin kusa, yana yi wa kansa dariya mai ɗaci. Ni dai a duk abin da ya bari su suka fi kama ni, watakila don a nan ne ba taro, ba wanda zai burge.

Salon nasa kuwa in ana so a gane shi sai an ɗan leƙa kiɗan jaz, musamman reshensa da ake kira bibop wanda ya fito a shekarun 1940. Yadda abin yake, makaɗi zai ɗauki sananniyar waƙa da kowa ya sani, ya ajiye muryarta gefe ya riƙe ƙashin bayanta kawai, sannan ya hau kai da gudu yana ƙirƙira nan take, abin da ya busa yau gobe ba zai maimaita shi ba. Sarkin wannan fage shi ne Charlie Parker mai busa saksofon, wanda ya mutu a 1955 yana ɗan shekara 34 bayan ƙwaya da giya sun gama da shi. Kaufman ya ɗauki Parker tamkar waliyyi, ya yi masa waƙa, ɗan da suka haifa da Eileen a 1959 ma sunan Parker ya sa masa. To abin da Parker ke yi da busa shi Kaufman ke yi da baki, Eliot da Lorca su ne tsohuwar waƙar da yake hawa, sauran kuma abin da ya zo. Ya ƙara da salon nan da Faransawa su André Breton suka yi wa shela a 1924, na gwama abubuwan da hankali bai saba haɗawa ba yadda suke zuwa a mafarki. Amma nasa mafarkin ba na wasa da hankali ba ne kawai, ciki akwai bom ɗin nukiliya, akwai ɗakin kisa da gas na gidan yarin Kalifoniya, akwai baƙin da aka rataye a bishiya a jihohin kudancin ƙasar. Lorca kuwa, ɗan Sifaniyan da aka harbe a 1936 farkon yaƙin basasarsu, wanda ya taɓa zama a Niyu Yok ya yi waƙa a kan baƙaƙen unguwar Harlem ta can, Kaufman bai taɓa rabuwa da shi ba, har waƙoƙinsa na ƙarshe yana kiran sunansa.

Kuma mutum ne mai barkwanci, kar a ɗauka duk kuka ne. Abin da ya fara fito da sunansa wata doguwar takarda ce mai ninki da City Lights ta buga a 1959, Abomunist Manifesto, ya sa hannu da sunan Bomkauf. Shelar wata jam'iyya ce ta ƙarya wadda 'ya'yanta ba sa shiga kowace ƙungiya kuma sun yi watsi da komai a duniya in ban da mutum-mutumin ƙanƙara, da dokokinta da sanarwar zaɓenta da labaranta duk na shaƙiyanci. Wanda bai san tarihinsa ba zai ce shirme ne na 'yan shaye-shaye. Wanda ya san ya zauna a tarukan ƙungiya ya ji yadda ake karanto ƙuduri, ya kuma ga yadda gwamnati ke yi wa mutane tambayar ko ka taɓa zama ɗan kaza, zai gane duka ɓangarorin biyu yake yi wa gwalo, kuma da yarensu.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Mutumin da ke zuba waƙa a iska, ta yaya aka yi muke da littattafansa? Amsar ita ce Eileen. Ita ce ke binsa da biro, in ya fara ta rubuta a duk abin da hannunta ya kai, takardar goge baki ta shago, bayan ambulan, jakar takarda, wanda shi ya ɗan zana ya yar ta tsince, ta zo gida ta buga a tafireta. Ita ta haɗa littafinsa na farko, Solitudes Crowded with Loneliness, wanda maɗaba'ar New Directions ta buga a 1965, na biyun ma, Golden Sardine na 1967, daga tarkacen takardun da abokai suka tattaro aka haɗa shi. To a waƙar Turanci ta zamani wadda ba kari ba ƙafiya, inda aka yanke layi shi ne rabin waƙar, nan ne numfashi yake, nan ne ma'ana ke juyawa. In mawaƙi da baki ya faɗa, wani ne ya rubuta, waye ya yanke layin? Waye ya zaɓi cewa yadda ya faɗe ta ranar Talata ita ce waƙar ba ta ranar Asabar ba, alhali mun san ba ya maimaitawa iri ɗaya? Ba ina cewa duka haka suke ba, akwai waɗanda ya zauna ya rubuta da hannunsa, na kurkukun nan misali ne. Amma kaso mai yawa na abin da ake karantawa da sunan Kaufman kunnen Eileen ne da saurin hannunta, kuma sunanta ba ya bangon littafin. Wanda kuma ya faɗa a daren da ba ta nan, ko biro ya ƙi, ya tafi kenan.

Duniyar adabi kuma ba ta san yadda za ta yi da irin wannan mutum ba. A 1960 Donald Allen ya fitar da wani kundi da ya zama ma'aunin waye sabon mawaƙi a Amurka, mutum 44 ya sa, baƙi ɗaya ne tal a ciki, LeRoi Jones, Kaufman ko ƙeyarsa babu. Faransawa ne ma suka riga 'yan ƙasarsa ganin girmansa, aka fassara shi can, suna kiransa Rimbaud baƙi na Amurka, wato suna kwatanta shi da shahararren mawaƙinsu Arthur Rimbaud. Dalilin ba launin fata kaɗai ba ne duk da shi ne babba. Ginsberg ɗan kasuwar kansa ne na gaske, yana amsa wasiƙa, yana adana kowace takarda, ya san editoci, ya san 'yan jarida, yana tallata abokansa. Kaufman ko adireshi tsayayye ba shi da shi.

A 1960 aka gayyace shi ya je ya karanta waƙa a jami'ar Harvard, ya nufi gabas, tafiyar ta ƙare a Niyu Yok, kuma shekaru ukun da ya yi a can su suka karya shi. Talauci, giya, ƙwayar amfetamin mai hana barci, kamu a kai a kai. A 1963, yadda Eileen ta ba da labari, a daidai lokacin da suke shirin komawa San Faransisko aka kama shi wai ya taka ciyawa a dandalin Washington Square, aka kai shi kurkukun tsibirin Rikers, daga nan aka wuce da shi asibitin Bellevue ɓangaren masu taɓin hankali, aka aske masa kai, aka yi masa jinyar nan ta jona wa ƙwaƙwalwa lantarki ba da son ransa ba. A wancan zamanin ana yin ta ne ba tare da kariyar da doka ta tanada yanzu ba, kuma sananne ne tana taɓa ƙwaƙwalwar tuna abu. Ku tuna kuma wannan mutumin duk jarinsa a ka yake.

Ya dawo San Faransisko a kakar 1963, ranar 22 ga Nuwamba aka harbe shugaba John Kennedy a Dallas, daga nan Kaufman ya yi shiru. Labarin da aka fi so shi ne ya ɗauki alwashi irin na mabiya Buddha cewa ba zai sake magana ba sai an daina yaƙin Biyetnam. Labari ne mai kyau, yana sa mutum ya zama gwarzo, kuma wataƙila da gaskiya a ciki tunda Eileen da ta fi kowa kusa da shi haka ta faɗa. Amma ni ban yarda a tsaya a nan ba. Na farko a ƙarshen 1963 yaƙin Biyetnam bai zama abin da ya zama ba tukuna, sai a 1965 Amurka ta fara jibge sojojin ƙasa. Na biyu shirun ba ɗif ba ne, mutanen unguwa sun ce yakan ce sannu, yakan roƙi sigari ko 'yan canji, yakan yi gunguni shi kaɗai yana tafe. Na uku, akwai wata wasiƙa da ya rubuta wa jaridar San Francisco Chronicle mai kwanan wata 5 ga Oktoba 1963, kusan sati bakwai kafin a taɓa Kennedy, a ciki yana kukan ya dawo gari an tarbe shi da baƙin littafi da korar haya, sannan ya shiga magana a kan shirun da ke tsakanin bugun ganga da bugun ganga, yana cewa wannan shirun shi ne ainihin kiɗan. Kaga tun kafin Dallas mutumin ya riga ya fuskanci shiru. Abin da na fi gaskatawa shi ne duka sun haɗu, akwai niyya, akwai baƙin ciki, akwai kuma ƙwaƙwalwar da ta sha kulki shekara da shekaru ta sha ƙwaya ta sha lantarki. Masu son a ce alwashi ne zalla suna sauke wa 'yan sanda da asibiti nauyi ba su sani ba, masu cewa hauka ne zalla kuma sun manta mutumin ya rubuta abin da zai yi kafin ya yi.

Kuma ku dubi shekarun da shirun ya cinye. A cikinsu aka kashe Malcolm X a 1965, aka kashe Martin Luther King a 1968, LeRoi Jones ya koma Amiri Baraka ya ja ragamar sabuwar tafiyar adabin baƙaƙe, matasa baƙaƙe suka fito da waƙa kan titi da ganguna a Harlem, wato daidai lokacin da abin da Kaufman ya daɗe yana yi shi kaɗai ya zama abin yayi, shi yana yawo a North Beach da tsohuwar kwat ba ya ce wa kowa uffan. Littattafansa biyu ma a cikin shirun suka fito, bai je ko'ina ya tallata su ba. Sai ya faɗa tsakiya, 'yan Beat sun ɗauke shi kayan adon unguwa, sabuwar tafiyar baƙaƙe kuma tana masa kallon na cikin farare.

A 1973, shekarar da Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta janye sojojinta, ya buɗe baki a gaban jama'a, ya fara da wani jawabi daga wasan kwaikwayon Eliot, ya ɗora da sabuwar waƙarsa a kan jiragen ruwan da ba su taɓa tashi ba, yana cewa yau ya dawo da su. Ya yi 'yan shekaru yana rubutu, wajen 1978 ya sake janyewa. Littafinsa na uku ma da ƙyar ya sha, gobara ce ta tashi a ɗan otal ɗin da yake kwana, wani matashi Raymond Foye ya shiga ɗakin bayan an kashe wuta ya tarar da jakar fata da takardu a ciki, gefensu ya ƙone sun jiƙe sharkaf, ya kwaso ya shanya su ɗaya bayan ɗaya. Su da wasu tsofaffi aka haɗa aka buga The Ancient Rain a 1981. Da Foye ya je masa da maganar littafin, Kaufman ya ce masa shi ba ruwansa, so yake ya zama ba a san shi ba, burinsa a manta da shi kwata-kwata, Foye kuma ya sa wannan maganar a gabatarwar littafin ya buga abinsa.

Ciwon huhu ne ya kashe shi yana da shekara 60. Aka yi masa rakiya irin ta garinsu New Orleans, 'yan busa a gaba jama'a a baya, aka bi ta wuraren da ya saba tsayawa ana karanta waƙoƙinsa, aka watsa tokarsa a ruwan gaɓar San Faransisko. A 1988 hukumar birnin, wadda 'yan sandanta suka yi ta jan shi a ƙasa, ta amince da shawarar Ferlinghetti aka sa wa wani ɗan lungu a North Beach sunansa. Billy Woodberry ya yi fim a kan rayuwarsa a 2015, sannan a 2019 City Lights ta fitar da cikakken kundin waƙoƙinsa wanda Neeli Cherkovski da Foye da Tate Swindell suka tace, suka haɗa da jadawalin rayuwarsa shekara bi shekara wanda ya dogara da takardu maimakon hirar mashaya, har da wasu waƙoƙin da ba su taɓa shiga littafi ba. Ana iya cewa duk waɗannan mutanen sun saɓa masa tunda ya ce a manta da shi, ni dai ban ga laifinsu ba, mutumin da ya faɗi haka an riga an fasa masa kai an kuma jona masa wuta, kuma ko a lokacin bai ce a ƙona takardun ba, bai hana Foye fita da jakar ba, cewa kawai ya yi kar a sa shi a ciki.